Wa ke riƙe da akalar na'urar kallon da ke ɗakinka?

A watan Yunin 2025, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, ta fitar da wata sanarwa tana gargaɗin jama'a cewa masu kutse na juya akalar miliyoyin na'urorin kallo na cikin gida daga nesa, ba tare da sanin waɗanda suka saye su ba.

Wata guda bayan nan sai kamfanin Google ya shigar da ƙara gaban wata kotun tarayya da ke birnin New York, yana zargin wasu mutane 25 da ba a bayyana sunayensu ba, waɗanda ya ce suna ƙasar Sin, da mallake na'urori fiye da miliyan 10 a sassa daban-daban na duniya.

Akasarin na'urorin da ake magana a kansu dai ƙananan akwatuna ne masu araha, waɗanda ake jonawa da talabijin domin kallon finafinai da wasannin ƙwallon ƙafa ta intanet. Irinsu ne ake saukewa a kasuwar Alaba ta Legas, su bi hannun 'yan kasuwa zuwa Arewa, har su kai ga shagunan masu sayar da kayan lantarki a garuruwa irin su Yelwan Yauri.

Ke nan batun da a da ake ɗauka na wasu 'yan tsirarun masu sha'awar kwamfuta ne a Turai da Amurka, wato yadda mutum zai sarrafa na'urar nishaɗin gidansa daga nesa, yanzu ya shafi magidanci a Yauri da Ngaski da Shanga, ko ya taɓa jin labarin abin ko bai taɓa ji ba.

Yadda abin yake aiki

Rimot ɗin da kowa ya sani yana aiki ne da wani haske wanda idon ɗan Adam ba ya gani. Dole ne a saita shi da talabijin, kuma bango guda ya isa ya tare shi.

Dabarar da muke magana a kai ta sha bamban da wannan. Ana samun kwamfuta guda, ko da tsohuwa ce, a zuba mata abin da iyali ke bukata: karatun Alƙur'ani, tafsirin watan azumi, finafinan Hausa, hotunan biki da na suna, darussan yara. Sai a jona ta da talabijin a ajiye ta a lungu.

A cikin manhajar da ke kunna waɗannan abubuwa akwai wani ɗan shafi, irin shafukan intanet, wanda kwamfutar ke miƙa wa duk na'urar da ta nema. Mai gida zai buɗe burauza a wayarsa, wato manhajar da ake shiga shafukan intanet da ita, kamar Chrome ko Firefox, ya rubuta lambar adireshin kwamfutar. Nan take jerin abin da ke cikinta zai bayyana a tafin hannunsa. Abin da ya taɓa a waya shi zai tashi a talabijin, kuma yana iya tsayarwa, ya ƙara murya ko ya rage, daga tsakar gida ko daga zaure, muddin wayar da kwamfutar suna kan Wi-Fi ɗaya.

Abin bai kai baƙon da ake zato ba. Duk wanda ya taɓa buɗe shafin ƙaramar na'urar intanet ta MiFi domin ya sauya kalmar sirri ko ya duba sauran data, ko ya haɗa wayarsa da kwamfuta ta manhajar Xender, to ya riga ya yi amfani da wannan dabara, bai dai san sunanta ba ne.

Manhajar da ta fi suna a fannin ita ce Kodi. Tushenta ya samo asali ne a 2002, lokacin da wasu masu sha'awa suka rubuta wa na'urar wasan Xbox ta kamfanin Microsoft wata manhaja da ta mayar da ita abin kallon fim. An daɗe ana kiranta XBMC kafin a sauya mata suna a 2014. Kyauta ake ba da ita, kuma 'yan sa-kai ne ke kula da ita. Daga jikinta ne Plex ta ɓalle a 2008 ta zama kamfani mai neman riba, sannan a 2018 aka sami wata ta kyauta mai suna Jellyfin. Shi kansa Microsoft ya gwada sa'arsa da wani nau'in Windows na musamman domin ɗakin kallo a 2002, ya kuma yi watsi da shi a 2015.

Ga ƙoshi ga kwanan yunwa

Kafin a yi maganar sarrafa kwamfuta daga nesa, sai kwamfutar tana kunne. A nan ne lissafin mutumin Yauri ya rabu da na mutumin Landan.

An fara gina madatsar ruwa ta Kainji a 1964 aka kammala a 1968, daga baya injunanta suka kai takwas masu ƙarfin megawat 760. Tafkin da ta haifar ya miƙe har zuwa Yelwa, ya kuma tilasta wa mutane kimanin 44,000 barin garuruwa da tsibiran da suka gada, cikinsu har da Gungawa da sauran al'ummomin masarautar Yauri. Babban layin da ke kai wuta daga Kainji zuwa Birnin Kebbi, wanda daga can ake tura wa Yamai, ta wannan yanki ya ratsa.

Amma ratsawar waya ta kan gona ba ta nufin wuta a ɗaki. A 2021 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 85 ba su da hanyar samun wutar gwamnati, kuma ƙauyukan bakin ruwa da na tsibirai suna cikin waɗanda wayar ta fi wuyar kaiwa gare su. Waɗanda suke da ita ma sun san halinta. Gobarar da ta tashi a tashar wutar Birnin Kebbi a watan Satumban 2023 ta jefa jama'a da dama a jihohin Kebbi da Sakkwato da Zamfara cikin duhu.

Saboda haka babbar kwamfutar tebur mai cin wat 60 zuwa 100, wadda ake so ta kwana ta wuni a kunne, ba kayan Wara ko Shanga ba ce, sai fa ga mai ƙarfin sayen man janareta. Abin da ya sauya lissafin shi ne fitowar ƙananan kwamfutoci irin Raspberry Pi, wadda aka fara sayarwa a Birtaniya a 2012 a kan dala 35. Girmanta bai wuce na katin banki ba, tana cin abin da bai kai wat 10 ba, kuma ƙaramin faifan sola da batir guda sun ishe ta. Kodi na aiki a kanta lafiya lau.

Wani abin da ba a cika lura da shi ba kuma shi ne, a cikin gida wannan tsari ba ya bukatar intanet ko kaɗan. Waya na magana da kwamfuta ne kai tsaye ta Wi-Fi, ba a cin data, ba a jiran sabis. Lambobin adireshin da ake amfani da su, waɗanda yawanci kan fara da 192.168, tamkar laƙabin da ake kiran yaro da shi ne a cikin gida: a waje babu wanda ya san shi da wannan suna.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne a yankin da ya ga abin da ya faru a maƙwabta. A farkon watan Satumban 2021 aka katse layukan sadarwa a duk faɗin jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, daga baya matakin ya shafi wasu ƙananan hukumomi a Katsina da Sakkwato da Kaduna. A watan Maris na 2024 kuma lalacewar wasu manyan wayoyin ƙarƙashin teku ta durƙusar da intanet a ƙasashen Afirka ta Yamma da dama. A irin waɗannan ranaku, wanda karatunsa da finafinansa ke ajiye a wata kwamfuta a Amurka ba shi da komai. Wanda nasa ke ƙarƙashin talabijin bai rasa komai ba.

Akwai kuma batun kuɗi. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi da kashi 50 cikin 100. Fim mai tsawon sa'o'i biyu na iya lashe gigabait guda ko biyu. A gidan da mutum goma ke da waya, sauke shi sau ɗaya a ajiye wuri guda ya fi kowa ya sauke nasa. Masu tura finafinai da waƙoƙi a memori, waɗanda babu kasuwa ko tashar motar da ba a samunsu a Arewa, sun daɗe da gano wannan lissafi, a kansa ma sana'arsu ta ginu.

Hasali ma Najeriya na da tarihi a wannan fage. Wani malami Ba'amurke, Cliff Missen, wanda ya koyar a Jami'ar Jos a ƙarshen shekarun 1990, ya ga yadda rashin intanet ke hana ɗalibai karatu. Daga nan aka ƙirƙiro eGranary, wani rumbun littattafai da shafukan ilimi da ake zubawa a kwamfuta guda, ɗalibai su riƙa shiga ta burauza kamar suna kan intanet. Babu wani dalilin fasaha da zai hana makarantar sakandare a Ngaski, ko asibitin karkara a bakin tafki, yin irin wannan da kuɗi ƙalilan.

Huda katangar baya

Matsala na farawa ne a lokacin da mai gida ya so ya kai hannunsa daga wajen gida.

A ɗauki misalin ɗan kasuwar da ke kai albasa ko busasshen kifi daga Yauri zuwa Legas, ya yi mako biyu bai dawo ba. Yana son ya tura wa yara darasi, ya ga abin da ake kalla a bayan idonsa, ko ya buɗe hotunan iyalinsa daga masauki. Bukata ce mai ma'ana, kuma fasahar ta ba da dama.

Sai dai na'urar da ke rarraba intanet a gida, wadda ake kira rauta, aikin zaure take yi. Na ciki na iya fita ya dawo da saƙo, amma baƙo ba ya wucewa sai an yi masa iso. Wanda ke son shiga kwamfutarsa daga Legas dole ya umarci rautar ta bar wata ƙofa a buɗe, a Kodi yawanci ƙofa mai lamba 8080. Ƙofar kuwa ba ta san fuskar mai gida ba. Akwai na'urori da ke zagaya intanet dare da rana suna ƙwanƙwasa kowace ƙofa a kowane adireshi, har ma akwai wani shafin bincike mai suna Shodan da ke tattara jerin waɗanda aka samu a buɗe tun 2009.

An daɗe ana barin shafin Kodi babu kalmar sirri. Sai a fitowarta ta 19, a 2021, masu kula da ita suka sa manhajar ta riƙa neman a sanya kalmar kafin shafin ya buɗe.

Mai karatu na iya cewa, to in ɓarawo ya shiga ma me zai samu, ban da finafinai? Amsar na cikin abin da ya sami kamfanin LastPass na Amurka a 2022. Sana'ar wannan kamfani ita ce adana wa miliyoyin mutane kalmominsu na sirri, kuma ma'aikata huɗu kacal ke riƙe da mabuɗan rumbunsa mafi muhimmanci. Masu kutse ba su tunkari ofishin ta gaba ba. Sun bi ɗaya daga cikin mutanen huɗu har gida, inda suka tarar yana amfani da tsohon nau'in Plex a kwamfutarsa. Ta wata ɓaraka da ke jikin manhajar suka shiga, suka dasa abin da ke naɗar duk harafin da ya danna, suka jira har ya rubuta babbar kalmarsa ta sirri. Da ita suka kwashi bayanan abokan hulɗar kamfanin.

Kamfanin Plex ya ce tun watan Mayun 2020 ya toshe wannan ɓaraka, mutumin ne bai sabunta manhajarsa ba fiye da shekara biyu. Idan ƙwararren injiniya da ke cin abinci da harkar tsaron kwamfuta zai yi irin wannan sakaci, ba a bukatar dogon tunani game da abin da zai faru a gidan da aka kira yaron shago ya saita na'ura, aka sallame shi, ba a sake waiwayarta ba.

Kuma a gidan Bahaushe abin da ke cikin irin wannan kwamfuta ya wuce fim. Akwai hotunan matan gida da na 'ya'ya mata, waɗanda mai gida ba zai yarda ko maƙwabcinsa ya gani ba. A kan Wi-Fi ɗin kuma akwai wayar da ake shiga asusun banki da ita.

Wani abin mamaki shi ne, yanayin sadarwar Najeriya ya ba jama'a wata kariya da ba su nema ba. Yawancin masu intanet a ƙasar ta layin waya suke samu, kuma kamfanonin waya kan haɗa ɗimbin masu layi a bayan adireshi guda, saboda adireshin ya yi ƙaranci a duniya. Haka ma Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a watan Janairun 2023, yake yi wa akasarin masu amfani da shi a gida. Sakamakon haka ko mai gida ya buɗe ƙofa a rautarsa, na waje ba zai same ta cikin sauƙi ba.

Mafita ita ce a bi ta hannun ɗan tsakiya: kwamfutar gida ta kira wani kamfani a ƙasar waje, wayar mai gida ma ta kira shi, shi kuma ya haɗa su. To amma mabuɗi ya koma hannun wani ke nan, kuma mai riƙe da mabuɗi shi ke yanka farashi. Daga ƙarshen watan Afrilun 2025 Plex ya daina barin mutane su kalli finafinan da ke cikin kwamfutocinsu daga nesa kyauta, ya kuma ɗaga kuɗin rajistar dindindin daga kusan dala 120 zuwa kusan dala 250. Sau biyu kuma, a 2022 da 2025, yana neman masu hulɗa da shi su sauya kalmomin sirrinsu bayan an yi masa kutse.

Akwatin da ya zo da baƙonsa

Duk wannan ya shafi wanda ya zauna ya haɗa tsarin da kansa, kuma irinsu ba su da yawa. Mafi yawan jama'a akwati suke saya wanda aka riga aka shirya, mai sayarwa ya ce musu akwai tashoshi ɗaruruwa a ciki, har da gasar Firimiya ta Ingila, babu biyan kuɗin wata.

Ba a rasa dalilin da ya sa kasuwar ke ci ba. A watan Maris na 2025 kamfanin MultiChoice ya kai kuɗin babban tsarin DStv naira 44,500 a wata, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000. Kamfanin da kansa ya ce ya yi asarar masu biya kimanin miliyan 1.4 a Najeriya tsakanin 2023 da 2025. Waɗannan mutane ba su daina son ƙwallo ba. Masu gidajen kallo ma, waɗanda ke biyan kuɗin dikoda da man janareta daga ɗan abin da matasa ke bayarwa a ƙofa, suna cikin matsi iri ɗaya.

A watan Janairun 2023 wani masanin kwamfuta a Kanada, Daniel Milisic, ya bayyana cewa akwatin T95 da ya saya ta Amazon ya zo da muguwar manhaja a cikinsa tun daga kwali. Binciken da kamfanin tsaro na Human Security ya yi a wannan shekara ya gano na'urori fiye da 70,000 masu irin wannan cuta, wadda aka laƙaba wa suna BadBox. A watan Disambar 2024 hukumar tsaron intanet ta Jamus ta katse hulɗar na'urori 30,000 da iyayen gijinsu. Cikin 'yan watanni abin ya dawo da ƙarfinsa, ya kai ga alƙaluman da Google ya gabatar wa kotu.

Ba ita kaɗai ba ce. A watan Satumban 2024 kamfanin Doctor Web na Rasha ya ba da rahoton wata mai suna Vo1d a cikin akwatuna kusan miliyan 1.3 a ƙasashe 197, kuma ƙasashen da ta fi kamari sun haɗa da Brazil, da Maroko, da Pakistan, da Saudiyya, da Aljeriya. Jerin ya nuna inda cutar ta fi samun gindin zama: ƙasashen da jama'a ke son kallo, aljihu kuma bai kai na sayen na'ura mai suna ba.

A nan kariyar da muka ambata a sama ba ta da amfani. Ɓarawon ba ya bukatar ƙwanƙwasa ƙofa, domin yana cikin ɗaki tun ranar da aka kawo akwatin. Da zarar an jona shi da intanet, shi ne zai kira uban gidansa ya nemi umarni, kuma zaure ba ya hana na ciki fita.

Ayyuka biyu aka fi sa shi. Na farko, ya riƙa buɗe tallace-tallace a ɓoye yana dannawa, masu abin su karɓi kuɗi daga kamfanonin talla. Ga mutumin Jamus da ke biyan kuɗin intanet na wata ba tare da iyaka ba, wannan ba zai dame shi ba. Ga mutumin Yauri da ke sayen data gigabait-gigabait, kuɗinsa ne ke zurarewa, ya yi ta zargin kamfanin waya ko yaran gida.

Na biyun ya fi muni. Ana sayar wa wasu masu laifi damar bi ta cikin akwatin, ta yadda damfara ko kutsen da suka yi zai bayyana kamar daga wannan gida ya fito. A Najeriya, inda tun watan Disambar 2020 gwamnati ta wajabta haɗa kowane layin waya da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, sawun da mai bincike zai bi na iya ƙarewa a kan sunan mai layin da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Goge akwatin a mayar da shi yadda ya fito daga masana'anta ba ya magani, tunda a yawancin lokuta daga can cutar ta taso. Alamomin da FBI ta ce a lura da su sun haɗa da akwatin da ba a san sunan kamfaninsa ba, da wanda ake tallarsa da alkawarin kallo kyauta, da wanda ke neman a kashe kariyar Play Protect ta Google kafin ya yi aiki, da kuma tafiyar data da ba a san dalilinta ba.

Wanda ke ganin tarin ƙananan na'urori ba za su iya wata ɓarna ta a zo a gani ba, sai ya tuna da Laberiya. A ƙarshen 2016 wani ɗan Birtaniya, Daniel Kaye, ya yi amfani da dubban kyamarori da wasu na'urori da manhajar Mirai ta kama, ya kai wa kamfanin waya na Lonestar farmakin da ya gurgunta intanet a ƙasar. Wata kotu a Landan ta ɗaure shi shekara biyu da wata takwas a watan Janairun 2019. Asalin Mirai ba da wata gagarumar dabara ta riƙa kama na'urori ba. Kalmomin sirri kimanin 60 da masana'antu suka saba sanyawa take gwadawa ɗaya bayan ɗaya, irin su admin da 12345, kalmomin da har yau ake samu a kan na'urorin MiFi da rautoci da dama saboda ba a sauya su ba.

Masu mabuɗi na halal

Ba ɓarayi kaɗai ke da hannu a cikin ɗakin ba. Dikodar DStv ko ta GOtv na ɗaukewa ne ranar da kuɗi ya ƙare, ba tare da wani ya tako gidan ba. Kamfanonin da ke ba da sola da wayoyi bashi, irin su M-KOPA da Sun King, sun gina kasuwancinsu ne a kan cewa na'urar za ta kulle idan ba a biya ba. Bayan tarzomar watan Yulin 2021 a Afirka ta Kudu, kamfanin Samsung ya sanar cewa zai kashe talabijin ɗin da aka wawashe daga ma'ajiyarsa ta lardin KwaZulu-Natal da zarar an jona su da intanet, abin da ya sa mutane da dama suka fara sanin cewa akwai wannan dama a jikin talabijin ɗin da suka saya da kuɗinsu.

Ba daidai ba ne a yi musu kuɗin goro da masu kutse. Ba domin wannan kulle ba, babu kamfanin da zai ba masunci a tsibirin da ba shi da banki, ba shi da takardar fili, sola bashi. Mai karɓa ya san sharaɗin, ya kuma amince. Abin da ya kamata a tambaya shi ne ko an yi masa bayani da harshen da yake ji, da kuma abin da zai faru da na'urar idan kamfanin ya rufe ko ya bar ƙasar bayan ya gama biya.

Ina hukuma?

A kan takarda Najeriya ba ta rasa dokoki ba. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara biyar ko tarar naira miliyan 5 ga wanda ya shiga kwamfutar wani ba da izini ba domin damfara. Akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Hukumar NCC na da ikon tantance na'urorin sadarwa kafin a sayar da su, hukumar SON kuma na duba ingancin kayan da ake shigowa da su.

Sai dai dokar farko na hukunta ɓarawo ne bayan an kama shi, wanda ke ƙasar Sin kuwa ko Google bai iya kiran sunansa a kotu ba. Shi kuma binciken kaya a tashar jiragen ruwa ya fi karkata ga abin da ido ke gani da abin da awo ke nunawa, alhali cutar na cikin manhaja.

A aikace, tsaron gidaje a Yelwa ko Wara na hannun matasan da ke gyaran waya da masu ɗaura tauraron ɗan Adam. Su ke ba da shawarar akwatin da za a saya, su ke saita rauta, kuma sau da yawa su kaɗai suka san kalmar sirrin da aka sanya. Horar da ɗari daga cikinsu a masarautar Yauri zai fi sanarwa dubu da aka wallafa da Turanci a Abuja tasiri, kuma aiki ne da bai fi ƙarfin gwamnatin jihar Kebbi ko ƙungiyoyin 'yan kasuwar waya ba.

Ƙasashen Turai sun bi ta kan masu ƙerawa ne. Tun ranar 29 ga watan Afrilun 2024 doka ta haramta sayar da na'ura mai shiga intanet a Birtaniya idan tana ɗauke da kalmar sirri ta gama-gari, ta kuma tilasta wa kamfani ya faɗi tsawon lokacin da zai ci gaba da toshe ɓarakar da aka gano. Tarayyar Turai ta zartar da tata dokar a 2024, wadda aka tsara manyan tanade-tanadenta za su fara aiki a watan Disambar 2027.

Wannan labari ne mai daɗi ga mai saye a Berlin. Ga Afirka ta Yamma kuwa akwai abin dubawa, domin an taɓa gani a wani fannin. A 2016 ƙungiyar Public Eye ta Switzerland ta bankaɗo yadda 'yan kasuwar Turai ke haɗa man dizal mai yawan sinadarin sulfur, wanda doka ta hana sayarwa a can, suna turo shi ƙasashen yankin. Masana'antun da ke ƙera akwatunan kallo marasa suna ba za su rufe ba don an hana kayansu sauka a Hamburg ko Rotterdam. Za su nemi tashar da ba a tambaya, kuma daga Apapa zuwa Yauri tafiyar kwana ɗaya ko biyu ce a mota.